Allurar neman haihuwa a ɗakin matar gida



Akwai wasu mata a cikinmu, a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, waɗanda idan ƙarfe 9 na dare ya yi sai ka ga sun zame jiki daga hira, sun shiga ɗaki sun turo ƙofa. Abin da ya kai su shi ne su ɗage riga su tsira wa kansu allura a gefen cibiya. Ba ciwon suga ke damunsu ba. Haihuwa suke nema, likita ne kuma ya damƙa musu maganin ya ce su je gida su riƙa yi da hannunsu, kullum, har kwana 10 ko 12 a jere. Mai yi ba ta faɗa, wanda ya sani kuma ya kama bakinsa, shi ya sa da wuya a ji zancen a fili. A kansu sharhinmu na yau zai tsaya, su da mazajensu, domin zancen ya shafi maza fiye da yadda suke zato.

Mu fara da dalilin allurar. A kowane wata jikin mace yakan tayar da wasu ƙwayayen haihuwa su fara girma tare, kowanne cikin 'yar jakarsa ta ruwa, a ma'ajiyar ƙwai biyu da ke dama da hagun mahaifa. Guda ɗaya ne ke kaiwa ya nuna ya fito, sauran su shanye. Abin da ke tayar da su wani sinadari ne da likitoci ke kira FSH, yana fitowa daga wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. To idan za a yi wa mace dashen ƙwai, aikin nan da aka fi sani da IVF, inda ake ciro ƙwanta a haɗa da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji sannan a mayar mata cikin mahaifa, ƙwai ɗaya ya yi kaɗan. Gaskiya ne Louise Brown, jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yulin 1978, da ƙwai ɗaya tal aka same ta. Sai dai ba kowane ƙwai ke haɗuwa da maniyyi ba, ba kuma duk wanda ya haɗu ke kamawa ba. Shi ya sa ake ƙara wa mace sinadarin daga waje, don waɗanda da ma za su shanye a watan su samu su nuna. Wannan ita ce amsar fargabar da mata ke yawan yi, wai allurar za ta kwashe musu ƙwai jinin al'ada ya ɗauke da wuri. Waɗanda ake cirowa na asarar watan ne, an dai tare su kafin su lalace.

Wani zai ce a yi shi ƙwaya mana a sha a huta. Ba ya yiwuwa, domin ciki narkar da shi yake yi kafin ya isa jini, matsalar da ta hana insulin na masu suga ya zama na haɗiya.

Asalin maganin ma abin a tsaya a kai ne. Macen da al'adarta ta ɗauke saboda shekaru, jikinta yakan yi ta kwararo wannan sinadari da yawa, yana fita ta fitsari. Wajen shekarar 1950 kamfanin Serono da ke birnin Rum ya gano hanyar tace shi, amma ana bukatar fitsari mai ɗimbin yawa. Daga ina aka samo? Daga gidajen tsofaffin mata masu hidimar cocin Katolika a Italiya, matan da ba su taɓa aure ba, da amincewar fadar Paparoma. Maganin da aka samu aka sa masa suna Pergonal, aka kuma haifi jaririn farko ta dalilinsa a 1962. Har gobe Menopur, wanda asibitocinmu ke yawan bayarwa, ta wannan hanya ake samunsa. Na san wani ya riga ya yamutsa fuska yana tunanin najasa. Abin da ke isowa hannun mace farin gari ne da aka tace aka sake tacewa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malami, ya kuma tambayi likita, domin tun 1995 akwai irin su Gonal-f da ake haɗawa a masana'anta ba tare da fitsarin kowa ba, sai dai yawanci sun fi tsada.

Shi kansa dashen ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun yi aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tun a shekarun 1980, sannan a watan Fabrairun 1998 aka haifi wata yarinya a Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada. Abin da ya sauya shi ne wurin yin allurar. Da can doguwar allura ce ta cikin tsoka, sai an nemi nas. Da magungunan suka ƙara tsabta sai aka koma yinsu a ƙarƙashin fata da 'yar siririyar allura gajeruwa, wasu ma a cikin wani abu mai kama da biro, a murɗa a saita adadi a danna. Daga nan ne asibiti ya ce wa mace ta tafi gida.

Ni a ganina wannan sauyi alheri ne. A duba matar da ke zaune a Gusau ko Azare, asibitin da ke duba ta kuma yana Abuja. Ko wadda ke cikin gari amma sai ta ratsa cunkoso kullum don allurar da ba ta wuce daƙiƙa 10 ba. Ko wadda za ta kai maganinta kemis ɗin unguwa, mai kemis ya juya kwalin ya karanta, gobe zance ya kai majalisa. Yin allurar a ɗaki ya raba ta da duk wannan. Kuma ba mu ne farau ba: masu ciwon suga sun daɗe suna yi wa kansu, haka matan da ke amfani da Sayana Press don ba da tazarar haihuwa, a Nijeriya da Nijar, da yawa an koya musu su yi da hannunsu. Mu dai mutane ne masu wata irin alaƙa da allura. Muna sonta har wani yana ganin ba a yi masa maganin zazzaɓi ba sai an tsira masa, muna kuma zargin abin da bature ya haɗa, kamar yadda aka yi a 2003 lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa jita-jitar yana hana haihuwa. Sai ga shi yau mutum na sayar da fili don ya sayi wadda ke kawo ta.

Amma a lura da abin da ya faru a zahiri. Ranar da asibiti ya miƙa wa mace sirinji, ya miƙa wa gidanta wani ɓangare na aikinsa ne: ajiyar magani, kula da lokaci, sa ido a kan majinyaciya. Asibiti yana da firij da janareta da ma'aikacin dare. Gida fa?

Tsirawar ita ce mafi sauƙi, kodayake ita aka fi tsoro. Kada mace ta bar asibiti sai ta yi ta farko da hannunta a gaban nas, ba kallon nas tana yi ba. A wanke hannu da sabulu, a goge wurin da audugar sifirit a bar shi ya bushe. A matsa daga cibiya kamar faɗin yatsu uku, a tsunguli fata, a soka a miƙe, a danna a hankali har adadin ya koma sifiri, a ɗan dakata kafin a zare don kada maganin ya biyo baya. Yau dama, gobe hagu. Sabuwar allura kowane karo, tsohuwar kuma a jefa ta cikin jarka mai kauri mai murfi, kada ta shiga kwandon shara inda yaran da ke kwasar bola za su sa hannu. Menopur ya fi ba da aiki, domin gari ne da ruwansa daban: da babbar allura ake haɗawa, a juya kwalbar a hankali ba a girgiza ba, sannan a sauya zuwa ƙarama. Yana da ɗan zafi idan yana shiga, wannan ba laifi ba ne. Ɗigon jini ko ɗan tabo a fata shi ma ba abin tashin hankali ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne sanyi. Yawancin magungunan nan an rubuta a jikinsu a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada kuma su daskare. Wasu an yi musu sassauci, za su iya zama a waje na wani lokaci muddin zafi bai wuce digiri 25 ba. Wanda ya rubuta wannan sassauci ɗakin Turai yake tunani. Ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, ko da tsakar dare da wuya ya sauko 25, da rana kuwa waje ya haura 40. Ga wuta da ake ɗaukewa a wuni a kwana. Abin takaicin shi ne maganin da zafi ya taɓa ba ya wari, ba lallai ya sauya launi ba. Ƙarfinsa ne ke raguwa shiru, mace ta yi ta tsira wa kanta, a je hoton ciki a ga ƙwai ba sa girma, a ce jikinta ne ba ya karɓa, alhali laifin na firij ne.

Akwai kuma kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya, wato a kai maganin firizar maƙwabciya mai sayar da ƙanƙara don ita ce mai sola. Daskarewa lalata shi take yi gaba ɗaya. Ko a kula za a sa, kada kwalin ya taɓa ƙanƙara, a naɗe shi a tawul. A firij ma tsakiya ake so, ba ƙofa ba inda yara ke buɗewa suna ɗaukar ruwa, ba kuma can baya ba inda yake ƙanƙarewa. Wasu sukan tambayi batun tukunya cikin tukunya, dabarar nan ta zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana rage zafi sosai da rani, amma ba ta kai sanyin firij, da damina kuma ƙarfinta raguwa yake yi. Ta yi wa yalo da tumatir, magani mai bukatar digiri 8 kuwa ya fi ƙarfinta. Shawarar da na fi gamsuwa da ita ita ce kada a kwaso maganin duka lokaci ɗaya. Da ma mace za ta riƙa komawa hoton ciki duk bayan kwana 2 ko 3. A biya kuɗin, a bar kayan a firij ɗin asibiti, a riƙa karɓar na kwanakin da ke gaba. Kuma tun ranar farko a faɗa wa likita gaskiyar halin wuta a gidan, ba abin kunya ba ne, ya san ƙasar da yake ciki, zai iya zaɓen maganin da ya fi jure zafi.

Sai agogo. Mu mutane ne masu auna lokaci da salla: bayan magariba, bayan isha'i, kafin la'asar. Wannan ya wadatar da harkar yau da kullum, amma bai wadatar da wannan aiki ba. Allurar kullum ana so ta riƙa faɗawa lokaci guda, ɗan jinkiri kaɗan ba ya ɓata ta. Wajen kwana na 5 ko na 6 sau da yawa akan ƙara wata, irin su Cetrotide ko Orgalutran, aikinta ta riƙe ƙwan kada ya fito kafin likita ya shirya. Ita wannan tsallake ta ganganci ne. Wasu asibitocin kuma buserelin suke bayarwa tun kafin zuwan al'ada, don aiki makamancin wannan.

Amma akwai guda ɗaya da babu wasa a cikinta ko kaɗan, ita ce ta ƙarshe kafin a ciro ƙwai. Idan hoto ya nuna jakunkunan sun kai kimanin milimita 18, sai a ba da allurar da ke ƙarasa nunar ƙwai, irin su Ovitrelle. Daga lokacin da ta shiga jiki, awa 34 zuwa 36 ake lissafawa a shiga a ciro ƙwan. Idan an ce ranar Laraba ƙarfe 9 na safe za a yi aikin, to allurar Litinin ce wajen ƙarfe 9 na dare, kuma likita zai faɗi minti. Ta yi ta da wuri sosai, kafin a shiga ƙwan ya riga ya zube cikin mara, babu mai iya tsinto shi. Ta makara, a shiga a tarar bai saki ba, bai nuna ba. Kwana 12 na tsira da miliyoyin naira suna rataye a kan wannan awa ɗaya. To ga abin da nake so kowace mace ta riƙe: in barci ya kwashe ki, ko baƙi suka tsare ki, ko maganin ya zube, ki kira asibiti nan take ki faɗi ainihin lokacin da kika yi. Sau da yawa abin da za su yi kawai shi ne su matsar da lokacin aikin. Kunyar da za ta sa ki ce kin yi a kan kari alhali kin makara da awa biyu, ita ce za ta cinye kuɗin.

Yanzu na juyo kan maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na manya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, likitoci kuma sun daɗe da tabbatar da cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama, akwai hannun namiji a matsalar. Amma ko daga wajensa take, mace ce ke shan allura, domin a jikinta ƙwan yake. Wato akwai matar da lafiyarta ƙalau, cikinta duk tabon allura, dangin miji na yi mata kallon juya, ana tambayarta har yanzu shiru, ita kuma ta rufa wa mijinta asiri. Irin wannan miji a ce ya biya kuɗi ya gama nasa? Ban yarda ba. Ya je asibiti a koya masa tare da ita. Ya saita ƙararrawa a wayarsa. Man janareta nasa ne, haɗa garin Menopur da ruwansa ma zai iya, tunda hannun mai tsoron allura rawa yake yi.

Akwai ma wadda da wuya mace ta yi wa kanta. Bayan an ciro ƙwai akan ba da sinadarin da ke riƙe ciki, wani lokaci na matsi ne irin Cyclogest, wani lokaci kuma allura ce mai maiƙo ta cikin tsokar ɗuwawu, ana iya yin makonni ana yi, in ciki ya kama har zuwa wajen mako na 10 ko 12. Wannan tana da gurbinta, can sama ta gefen waje, don a kauce wa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da allurar ɗan koyo ta shanye wa ƙafa ya san abin da ake gudu. Ko dai miji ya koya a hannun nas har ta gamsu, ko a samu ma'aikaciyar jinya mai riƙon amana. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya kuwa, a yi lissafin ranar girki tun da wuri. Ita wannan allura ma'aurata ne ke zaɓen lokacinta, sai a zaɓi wanda maigida zai iya cikawa kullum, misali da safe kafin ya fita, don kada ta zama abin da za a riƙa buga masa ƙofa a ɗakin abokiyar zama.

Wannan ya kawo mu ga sirri. Ba na ganin laifin wadda ta ɓoye. Ta san bakin mutane, ta san akwai masu jiran su kira ɗanta da wani suna, ta kuma san in aikin bai yi ba, jajen da za a yi mata ya fi rashin ciwo. Ta ɓoye wa faccala da ƙawa da 'yan biki, babu komai. Amma lallai a samu mutum ɗaya da ke kwana kusa da ita wanda ya san me take yi, ya san sunan maganin, yana da lambar likitan. Dalili kuwa, wani lokaci ma'ajiyar ƙwai takan karɓi maganin fiye da kima, ta kumbura, ruwa ya riƙa fita daga jijiyoyin jini yana taruwa a ciki. An fi ganin haka ga mata masu ƙananan shekaru da masu matsalar ma'ajiyar ƙwai da likitoci ke kira PCOS, kuma yakan taso ne bayan allurar ƙarshe, ya ƙaru in ciki ya shiga. Ɗan kumburi da nauyin mara kusan kowace mace na ji. Abin gudu shi ne ciki ya yi ta tashi yana tauri, amai ya ƙi tsayawa, fitsari ya ragu ƙwarai, numfashi ya yi wuya, nauyi ya ƙaru da kilo guda a kwana ɗaya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, wanda alama ce ta gudan jini. Mai tsananin ba shi da yawa, amma yana iya kisa, kuma yana jin magani in an zo da wuri. A kwatanta matar da aka kwasa ranga-ranga zuwa asibitin kusa, uwar miji na tsaye a kanta, likita ya tambaya ko tana shan wani magani ta ce a'a. Sai a kama maganin taifot ko olsa. Ki nemi a ba ku wuri ki faɗa wa likitan, ko ki riƙe takarda a jaka mai ɗauke da sunayen magungunan da kwanakinsu ki miƙa masa.

Duk abin da na faɗa ya shafi wadda likita ke bibiya ne. Akwai wata hanyar da ta fi tayar mini da hankali, ita ce ta sayen maganin a kan kanta. Ƙawa ta yi ta samu 'yan biyu, sai ta ɗauki hoton kwalin ta tura, a je kasuwar magani a sayo. An daɗe ana yi da Clomid, ƙwayar da likitoci ba sa so a wuce wata 6 ana sha, yanzu abin ya kai ga allurai. Adadin da ya dace da wata, ga wata guba ne, domin likita yana duba shekaru da nauyi da gwajin jini kafin ya yanke, yana kuma ƙarawa ko ragewa gwargwadon abin da hoto ya nuna. Ba tare da hoto ba babu wanda ya san ko ƙwai 2 ne suka taso ko 20. Ga shi babu mai cirowa, duk wanda ya fito yana iya zama ɗa. Muna murna da 'yan uku a bakin suna, amma a tambayi ma'aikatan ɗakin bakwaini abin da cikin 'yan uku da 'yan huɗu ke jawowa uwa da jarirai. Kuma in bututun mahaifa ne ya toshe, ko maniyyi ne babu, allura dubu ba ta buɗe hanya. Masu cin kasuwa da hawayen mata ma suna nan. A ƙarshen 2024 sashen binciken BBC na Afirka ya bankaɗo wasu wurare a jihar Anambra inda ake yi wa mata allurai da ba su magungunan da ke kumbura ciki, a ce musu suna da ciki amma hoto ba zai gan shi ba, daga baya a miƙa musu jaririn wata. Duk wanda ya ce miki kada ki je a yi hoto, ki san ba likita ba ne.

Ta fuskar addini malamai sun daɗe da yin magana. Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙ, ya ba da fatawa a 1980, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a birnin Amman a 1986, matsayar ɗaya ce: ya halatta muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, auren kuma yana nan. Batun azumi, majalisar ta ce allurar fata ko ta tsoka wadda ba ta abinci ba ce ba ta karya shi. Saboda haka kada a matsar da lokacin allura don jiran buɗa-baki ba da sanin likita ba. Na matsi kuwa akwai saɓani a kansa, a tambayi malami.

Bayan an mayar da ɗan tayi cikin mahaifa sai jira, kimanin mako 2, kuma da yawa suna cewa ya fi allurar wuya. Abubuwa biyu ke jefa mata cikin kuskure a nan. Na farko tsinken gwajin ciki na kemis. Allurar ƙarshe irin su Ovitrelle sinadarinta shi ne wanda tsinken ke nema, yana iya kai kwana 10 ko fiye a jiki, sai mace ta gwada da wuri ta ga layi biyu, ta yi sujadar godiya, alhali maganin ne tsinken ya gani. Na biyu, ta ga ɗan jini ta yanke ƙauna ta ajiye maganin riƙe ciki, alhali ana ganin jini a cikin da ya kama. A ci gaba da magani har ranar gwajin jinin da asibiti ya sa.

Kuma a shiga da sanin cewa ko a Ingila, ga matar da ba ta kai 35 ba, kusan dashe 1 cikin 3 ne ke kaiwa ga haihuwa, bayan 40 kuwa abin sauka yake yi sosai. Wadda ta kiyaye komai aikin bai yi ba, ba hannunta ne ya kuskure ba, kada wani ya ɗora mata. Abin da zai yi mata amfani shi ne ɗan littafin da ta riƙa rubuta rana da lokaci da adadin kowace allura, da ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, da abin da ta ji a jikinta. Da shi za ta koma wurin likita, da shi zai duba ko adadin zai ƙara, ko maganin zai sauya, ko kuwa akwai sauran 'yan tayi da aka daskarar waɗanda za a mayar ba sai an sake bin allurar tayar da ƙwai ba.

Masu nema, Allah ya kawo rabo mai albarka.